SHAYI DA GAHAWA DA TABAR SHAƘA: DARASI DOMIN JAMA'AR KAFANCHAN DA KEWAYE

1. GABATARWA

A garin Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, kamar su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, teburin mai shayi yana cikin wuraren da suke fara buɗewa da asuba, kuma yana cikin na ƙarshe da suke tashi da dare. A nan direba yakan karya kumallo kafin ya kama hanya, a nan ɗan dako da manomi da ma'aikaci sukan zauna benci ɗaya su ji labarin gari. Da yawa daga cikin dattawa, da wasu matasa, idan sun kurɓi shayi ko gahawa sai su zaro 'yar batta ko 'yar kwalba daga aljihu, su ɗebi garin taba su shaƙa, ko kuwa su ɗura shi tsakanin leɓe da dasashi. A wurinsu daɗin shayi ba ya cika sai da wannan.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a bambancin da ke tsakanin abin da ke cikin kofi da abin da ke cikin batta. Shayi da gahawa suna da ƙa'ida, wanda ya kiyaye ta yana iya shansu har tsufansa. Ita kuwa taba, ta shaƙa ce ko ta ci ko ta busawa, likitoci ba su san wani gwargwadonta da ba ya cutarwa ba. Saboda haka abin da ake nema ga mai karatu shi ne ya riƙe kofinsa, ya rabu da battarsa.

2. ASALIN ABUBUWAN UKU

Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan uku da aka gada a ƙasar Kaduna tun fil azal. Dukansu baƙi ne.

Shayi ganyen wata bishiya ce da aka fara nomawa a ƙasar Sin. Ya isa Ingila cikin ƙarni na 17, daga baya Turawa suka kafa manyan gonakinsa a Indiya da Silan, watau Sri Lanka ta yanzu, sa'an nan a Kenya, inda aka fara dasa shi a shekarar 1903. Ta hanya biyu ya shigo ƙasashen Hausa. Akwai koren shayi mai ɗaci wanda Larabawa da Buzaye suka ƙetaro Sahara da shi, akwai kuma baƙin shayi da ake sha da madara da sukari, wanda ya bazu a zamanin mulkin Turawa. A Nijeriya ana noman shayi a kan tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, inda aka kafa babbar gonarsa a Kakara cikin shekarun 1970.

Gahawa, wadda mutane da yawa suke kira kofi, asalinta ƙasar Habasha ne. Cikin ƙarni na 15 aka san ana dafa ta ana sha a Yaman, daga can ta watsu zuwa Makka da Masar da Turkiyya da ƙasashen Turai. Garin gahawa mai narkewa nan take, irin wanda masu shayi suke sayarwa, ya shahara ne bayan da aka fitar da Nescafé a shekarar 1938. A ƙasar nan ana samun gonakin gahawa a Mambila da wasu sassan tsaunin Jos.

Taba kuwa daga nahiyar Amurka ta fito. Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492. Wajen shekarar 1560 wani jakadan Faransa a ƙasar Fotugal, mai suna Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. A farkon ƙarni na 17 taba ta riga ta iso Afirka ta Yamma, har malaman Timbuktu suna rubutu game da hukuncinta. A ƙasar Hausa an san tabar lofe, da garin taba da ake haɗawa da kanwa, da furen taba da mata suke gogawa a haƙori tare da goro. Tabar shaƙa wasu suna kiranta asara, wasu kuma anwuru, sunan da aka aro daga bakin Ibo.

3. YADDA SUKA HAƊU A KAFANCHAN

Hanyar jirgin ƙasa ce ta mai da Kafanchan babban gari. A cikin shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta nan ya nufi Kaduna, a shekarar 1927 kuma aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan zuwa Jos. Da garin ya zama mararraba sai ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina: Ibo da Yarbawa da Hausawa da Fulani, suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro. Kowa ya zo da al'adarsa ta ci da sha. Ma'aikacin da yake aikin dare da fasinjan da yake jiran jirgi suna bukatar abu mai zafi da zai hana su gyangyaɗi, saboda haka sana'ar shayi ta sami gindin zama. Garin taba kuwa abu ne mai araha, ba ya bukatar ashana, ba ya hayaƙi, ana iya amfani da shi a bakin aiki ba tare da kowa ya lura ba.

Wannan yanki yana da wata baiwa da ta dace da shayi, ita ce citta. Ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a suna cikin wuraren da suka fi noman citta a duk Nijeriya, kuma an daɗe ana fitar da ita zuwa ƙasashen waje. Cutar da ta auka wa gonakin citta a daminar 2023 ta jawo wa manoma hasara mai yawa, ta kuma nuna yadda rayuwar jama'a ta dogara a kan wannan amfanin gona. A lokacin hunturu, sa'ad da iska mai sanyi take saukowa daga duwatsun Kagoro, shayi mai citta da kanumfari abin marmari ne ga kowa. Babu wanda wannan darasi yake nema ya hana wa wannan jin daɗi.

4. ABIN DA KE CIKIN KOFI

Shayi da gahawa da goro duk suna ɗauke da wani sinadari da ake kira kafeyin. Yayin da mutum yake farke, wani abu mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne yake sa jin gajiya da barci. Aikin kafeyin shi ne ya tsaya a gurbin wannan abu, ya hana saƙon gajiya isa. Watau gajiyar tana nan, an dai rufe mata baki ne na ɗan lokaci. Wannan ya sa direban da ya kwana bai yi barci ba, ko ya sha gahawa kofi uku a tasha, har yanzu yana cikin haɗari idan ya ɗauki fasinja zuwa Kaduna ko Keffi ko Jos. Maganin barci shi ne barci.

Kofi ɗaya na baƙin shayi yakan ƙunshi kimanin miligiram 40 zuwa 50 na kafeyin. Kofi ɗaya na garin gahawa yakan ƙunshi kimanin miligiram 60 zuwa 80, ko fiye idan an cika cokali. A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa baligi mai lafiya yana iya shan har miligiram 400 a yini ba tare da fargaba ba, mace mai ciki kuwa kada ta wuce 200. A wannan lissafi dole a haɗa da goro da lemon kwalba irin na kola da abubuwan shan da ake cewa suna ƙara kuzari, domin duk sinadari ɗaya ne. Alamun an wuce gona da iri su ne rawar hannu, da bugun zuciya da sauri, da rashin barci, da yawan fitsari, da ƙwarnafi.

A shekarar 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sake nazarin gahawa, ta cire ta daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji. Amma a wannan zama ta yi gargaɗi game da shan kowane irin abu da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin santigired, domin akwai alamun yana iya jawo ciwon daji a hanyar da abinci yake bi zuwa ciki. Ke nan laifin yana ga zafin, da kuma gaggawar mai sha.

5. ƘA'IDOJIN SHAN SHAYI DA GAHAWA

(a) A bar shi ya huce. Shiƙar shayi daga moɗa zuwa moɗa da masu shayi suke yi tana da amfani ƙwarai. Idan har yana ƙona leɓe, bai isa sha ba tukuna.

(b) A rage sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da baligi yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali 12, in da hali ma ya tsaya a rabin haka. Wanda yake zuba cokali 4 a kowane kofi, yana kuma shan kofi 3 a yini, ya cinye rabonsa duka a shayi kaɗai, tun ba a yi maganar burodi da lemo ba. Mai ciwon sukari ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

(c) A raba shayi da babban abinci. A cikin ganyen shayi akwai wani abu mai bauri da ake kira tanin, wanda yake hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyaye da hatsi. Rashin wannan sinadari yana kawo ƙarancin jini. Mata masu ciki da masu jego da yara su bar aƙalla sa'a ɗaya tsakanin abinci da shayi.

(d) A kiyaye lokaci. Rabin kafeyin da mutum ya sha yana nan a jikinsa bayan kimanin sa'a 5. Wanda ya sha gahawa mai kauri bayan magariba, kada ya yi mamaki idan tsakar dare ta same shi ido biyu.

(e) A tausaya wa yara. Ruwan bunu, watau shayi ba madara, ba ya gina jikin yaro. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har ya cika wata 6.

(f) A kula da tsabta. Ruwan ya tafasa sosai, a wanke kofuna da sabulu da ruwa mai kyau bayan kowane mai sha, a rufe madara da burodi saboda ƙuda da ƙura.

Wanda ya kiyaye waɗannan abubuwa shida ya sami daɗin kofinsa ba tare da wata illa ta a zo a gani ba.

6. ABIN DA KE CIKIN BATTA

Ana yin tabar shaƙa ne da busasshen ganyen taba, a daka shi ko a niƙa har ya yi laushi, yawanci tare da kanwa. Masu haɗa ta sun san kanwa tana ƙara mata ƙarfi, kuma ilmin kimiyya ya bayyana dalili: kanwa tana sakin nikotin daga ganyen, ta sa ya ratsa fatar cikin hanci ko ta baki da sauri ya shiga jini. Cikin 'yan mintoci kaɗan ya isa ƙwaƙwalwa, mai shaƙa ya ji kansa ya washe. Ba a daɗewa ƙarfin ya sauka, jiki ya sake nema. Da haka ake kamuwa, har mutum ya kai ga ba ya iya fara aiki ko ya yi hira sai ya shaƙa.

Bayan nikotin, masu bincike sun gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo ciwon daji a cikin tabar da ba a ƙonawa. Mafi muni a cikinsu su ne waɗanda ake kira naitirosamin, waɗanda suke ƙaruwa yayin da ake shanya ganyen da ajiye shi. Cibiyar nan ta Liyon ta sanya irin wannan taba a rukuni na ɗaya, watau abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman a baki, da hanyar abinci, da wata halitta ta cikin ciki mai daidaita sukarin jini wadda likitoci suke kira fankiriyas. Hujja ta fi ƙarfi a kan tabar da ake ajiyewa a baki. A ƙasar Sudan, inda ake haɗa taba da kanwa a yi abin da suke kira tumbak, likitoci sun daɗe suna ganin ciwon dajin baki a daidai wurin da mutum ya saba ajiye tabarsa. Wadda ake shaƙa ma ba ta tsaya a hanci kaɗai ba, wani kashi yana gangarawa maƙogwaro a haɗiye shi.

Wannan gargaɗi tsoho ne. Tun a shekarar 1761 wani likita a birnin Landan, mai suna John Hill, ya buga takarda yana jan kunnen mutane game da yawan shaƙar taba, bayan da ya ga ƙari a hancin wasu masu yin ta.

Sauran illolin sun haɗa da toshewar hanci da yawan majina da haɓo, da raguwar jin ƙanshi, da janyewar dasashi daga jikin haƙori, da rinewar haƙora, da warin baki. Ga mace mai ciki, nikotin yana matse jijiyoyin da suke kai wa ɗan tayi abinci, yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, ko jariri mara nauyi, ko haihuwar ɗa ba rai. Ƙaramin yaro kuwa idan ya sami batta ya haɗiyi garin, yana iya kamuwa da amai da jiri da suma, sai an gaggauta kai shi asibiti.

Binciken da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya a shekarar 2012 ya nuna cewa kimanin manya miliyan 4.5 suna amfani da taba, daga cikinsu kimanin miliyan 1.6 masu shaƙa ne ko masu ci. Abin lura a nan shi ne, a tsakanin mata masu shaƙa da ci sun fi masu busa sigari yawa. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara.

7. ILLAR HAƊA SU WURI ƊAYA

Haɗa shayi ko gahawa da taba yana da illa ta fuska biyu.

Ta farko a jiki take. Kafeyin yana ɗaga awon jini kaɗan na ɗan lokaci. Nikotin yana ƙara saurin bugun zuciya, yana kuma matse jijiyoyin jini. Idan aka haɗa su a zama ɗaya, nauyin da yake kan zuciya ya ƙaru. Saurayi mai ƙoshin lafiya yana iya ganin ba kome, amma dattijo mai hawan jini wanda bai ma san yana da shi ba, yana kusantar shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Hanyar saninsa ɗaya ce, a je a auna. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, ana bukatar kulawar ma'aikacin lafiya.

Ta biyu a ɗabi'a take, kuma ita ce ta fi wuyar magani. Wanda ya shekara 20 yana shaƙar taba bayan kowane kofi, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya. Ƙanshin shayi kaɗai, ko ganin bencin da ya saba zama, ya isa ya tayar masa da sha'awa. Wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa sukan yi niyyar bari da dare, da safe kuma niyyar ta warware a teburin mai shayi. Hausawa suna cewa sabo turken wawa. Wanda yake so ya tumɓuke wannan turke, sai ya fara da kwance igiyar da ta haɗa kofi da batta.

8. AMSAR WASU MAGANGANU DA AKA SABA JI

Wasu suna cewa taba tana maganin ciwon haƙori. Abin da take yi shi ne ta ɗan dusashe zafin, ramin haƙorin kuwa yana ci gaba da faɗi, dasashi yana ƙonewa. Mata da yawa ta wannan ƙofa suka shiga, ciwon ya wuce, tabar ta zauna. Mai ciwon haƙori ya nufi likitan haƙori.

Wasu suna cewa tana wanke kai, tana maganin mura. Atishawa da majinar da suke biyo bayan shaƙa alama ce ta hanci yana ƙoƙarin fitar da abin da ya dame shi. Ciwon kan da yake lafawa da an shaƙa kuwa, sau da yawa rashin nikotin ne ya kawo shi tun farko.

Wasu suna cewa ta fi sigari dama. Gaskiya ne ba ta cika huhu da hayaƙi, ba ta kuma cutar da na kusa kamar sigari. Amma garin da ake saye a ƙulle-ƙulle a kasuwa babu wanda ya auna abin da ke cikinsa, kuma sabonsa ba ya kasa na sigari ƙarfi. Wanda ya bar sigari ya koma shaƙa bai fita daga hannun nikotin ba.

Wasu kuma suna cewa kakanninsu sun yi ta shaƙa har suka kai shekara 90. Akwai irin waɗannan, ba a musu. Amma ana tuna wanda ya daɗe ne, ana mantawa da waɗanda suka riga shi tafiya da wani miki a baki ko kumburi a wuya wanda ba a taɓa kai shi asibiti ba, balle a san sunansa.

9. HANYAR RABUWA DA BATTA

Barin taba yana da wuya, amma mutane da yawa sun yi, har da waɗanda suka tsufa a cikinta. Ga matakan da suke taimakawa:

Na ɗaya, a tsai da rana cikin mako biyu masu zuwa, a sanar da iyali da abokan zama. A daren jajibirin ranar a zubar da sauran garin, a jefar da battar.

Na biyu, a sauya yadda ake shan shayi na 'yan makonni. A canja wurin zama, ko lokaci, ko irin shayin. Wanda ya saba da baƙin shayi da madara yana iya komawa ruwan citta da lemon tsami ko na'a-na'a. Da an gama sha a tashi nan da nan, a kama wani aiki.

Na uku, a tanadi abin da zai maye gurbi a hannu da baki, kamar asuwaki ko gyaɗa ko aya ko ɗan yankin citta. Sha'awar taba takan zo da ƙarfi, amma ba ta wuce 'yan mintoci. A sha ruwa, a ja numfashi, a ɗan zaga.

Na huɗu, a san abin da zai biyo baya. Kwana 3 na farko su ne mafi tsanani: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Yawanci waɗannan suna raguwa cikin mako 2 zuwa 4. Iyali su yi haƙuri da mai bari a wannan lokaci.

Na biyar, kada a bar shayi da gahawa baki ɗaya a rana guda da taba, domin yanke kafeyin farat ɗaya shi ma yana kawo ciwon kai. Amma wanda yake haɗawa da sigari ya sani cewa hayaƙi yana sa hanta ta fitar da kafeyin da sauri. Idan ya daina busawa, gahawar da ya saba sha za ta fi yi masa ƙarfi, sai ya rage ta zuwa kamar rabi.

Na shida, a nemi taimakon ma'aikatan lafiya a babban asibitin Kafanchan ko asibitin da ya fi kusa. Akwai magunguna da suke rage wahalar bari, likita ne zai faɗi wanda ya dace. Wanda ya zame ya koma, kada ya yanke ƙauna, ya sake tsai da wata rana.

Akwai kuma ribar aljihu. Alal misali, wanda yake kashe naira 200 kullum a kan taba, a shekara ya ƙone naira 73,000, kuɗin da zai iya shiga taki ko littattafan yara.

Duk wanda ya ga fari-fari ko ja-ja a cikin bakinsa wanda ba ya gogewa, ko miki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko kumburi a wuya, ko wahalar haɗiya, ko haɓo mai yawan dawowa, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba. Ciwon dajin baki yana warkewa idan an tare shi da wuri.

10. ABIN DA DOKA TA TANADA, DA HAKKIN KOWA

Nijeriya ta fara kafa dokar hana busa taba a wasu wuraren taruwar jama'a a shekarar 1990. A shekarar 2005 ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba. A shekarar 2015 aka sa hannu a kan dokar ƙasa ta sa ido a kan taba, ƙa'idojin aiwatar da ita kuma suka fito a 2019. Wannan doka ta shafi tabar shaƙa da ta ci kamar yadda ta shafi sigari. Ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sa irin wannan yaro ya sayar da ita. Har wa yau ta tanadi cewa tabar da ba a ƙonawa a riƙa sayar da ita a cikin ƙunshin da bai kasa giram 30 ba. Ranar 31 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya.

Doka ita kaɗai ba ta isa ba. Iyaye da kakanni su daina aiken yara sayen taba, su daina miƙa musu batta su riƙe, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu shayi su raba teburinsu da sayar da taba kowace iri ce. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su tabbatar direba ya huta kafin ya ɗauki layi. Sarakuna da hakimai da dagatai, da limamai da fastoci, da malaman makaranta da shugabannin mata, su isar da wannan bayani a wuraren taro, cikin Hausa da Jju da Tyap da Hyam da sauran harsunan yankin, domin tsofaffin da ba su karatu su ma su ji. A yi musu magana cikin ladabi, domin yawancinsu sun fara ne a zamanin da ake ɗaukar taba magani.

11. KAMMALAWA

Zaman shan shayi al'ada ce mai kyau wadda take haɗa mutane masu harsuna da addinai daban-daban a benci ɗaya, kuma Kafanchan tana bukatar irin wannan zama. Abin da ake so shi ne shayin ya huce, sukarinsa ya zama daidai, a sha shi a kan lokaci, a kuma tashi ba tare da an buɗe batta ba. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ta waɗanne hanyoyi biyu shayi ya shigo ƙasashen Hausa?
2. Me ya sa gahawa ba ta isa ta kare direban da bai yi barci ba?
3. Ƙaramin cokali nawa na sukari ya kamata baligi ya tsaya a kai a yini?
4. Wane aiki kanwa take yi a cikin garin taba?
5. Waɗanne alamu ne a baki ko a wuya suke bukatar a je asibiti nan da nan?
6. Me dokar 2015 ta ce game da yara da taba?
7. Ta yaya iyali za su taimaki dattijon da yake son rabuwa da batta ba tare da sun ɓata masa rai ba?